Zoben da Ba a Matse Ba

Ciwon da zan ba da labarinsa ba ya sa zazzaɓi, ba ya kwantar da mutum, ba a zuwa dubiya da lemo saboda shi. Mai shi yana ci yana sha, yana dariya da mutane, shi ya sa muka daɗe muna maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Na rubuta ne don wata mai miji irin nawa ta ji, ko Allah Zai rage mata yawon da muka sha.

Maigidana, Malam, ɗan liman ne, jikan liman. Masallacin lungunmu a Limancin Kona ƙarami ne, amma tun kakan kakansa limancin bai taɓa fita daga gidansu ba. Bango ɗaya ne tsakanin masallacin da madafata, don haka duk kabbarar da aka yi a kunnena take sauka.

Tun ina amarya na san shi da mantuwa. A ba shi sautun tumatir ya dawo da littafi, yana murna kamar ya yi abin kai. Ya taɓa zuwa ta'aziyya Ƙofar Kuyambana a kan Vespa, hira ta yi daɗi ya biyo abokai a ƙasa har gida, da gari ya waye ya leƙa zaure ya hau salati wai an sace masa babur. Mun yi wata muna tsokanarsa. Ba mu ɗauki abin ciwo ba, domin a lokacin yana koyar da Larabci a firamare, kuma babu malamin da yara ke so kamarsa, tunda ba ya zama, daga wannan kusurwar aji sai waccan. Da yamma kuma ya zauna a zaure da babbar riga a cinya yana ɗinki, mahaifinsa Baba Liman yana ba da karatu. Kansa a sunkuye, allura na shiga tana fita, sai ka rantse ba ya ji. Amma a tambaye shi, sai ya maido karatun tiryan-tiryan har da inda Baba ya yi tari. In ya kama ɗinkin aska takwas a gaban riga kuwa, sai abinci ya huce a gabansa bai san an kawo ba. Nakan tsaya ina kallonsa ina mamakin yadda mutumin da ba ya iya riƙe sautun tumatir yake riƙe dubban zare ba ya ɓata ɗaya.

A shekarun da aka yi fama da wahalar man fetur Allah Ya yi wa Baba Liman rasuwa. Aka ba Malam limanci. A shekarar kuma aka yi masa ƙarin girma, aka ɗauke shi daga aji aka kai shi ofis, aka ba shi tebur da kujera mai juyawa. Kowa na cewa arziki ya zo biyu-biyu. Baffa Sule, ƙanen Baba Liman, wanda ya zama babba a gidan, ya kira shi ya ce, "Yanzu ka girma. Liman ba ya zama da allura a hannu kamar ɗalibi. Ka ajiye ɗinkin nan, ka riƙe girmanka." Malam ya ce to. Rigar da ke hannunsa ma wani ya ba ya ƙarasa.

A ofis abin ya fara. Ya buɗe fayil, wani ya wuce yana magana, hankalinsa ya bi shi, kafin a tashi ya taɓa aiki biyar bai gama ko ɗaya ba. Malaman makaranta suna sintiri a kan takardunsu na hutu da na canjin wuri, takardun na nan ƙarƙashin wasu takardun. A taro ya ji farkon magana, sai kawai ya farga an ce, "Malam, me ka gani?" bai san a kan me ba. Har takardar gargaɗi aka ba shi, mutumin da bai taɓa makara ba.

Wannan duk da sauƙi a kan abin da ya biyo baya a masallaci. Sallar da ake bayyana karatu ba ta cika ba shi wahala ba, muryarsa na riƙe shi. Azahar da La'asar ne bala'in, raka'a huɗu cikin shiru. Ina tsaye da ludayi sai in ji mamu sun haɗa baki, "Subhanallah!" Ya miƙe bai yi zaman tahiya ba. Gobe kuma, "Subhanallah!" Ya tashi zai kawo ta biyar. Rafkanwa ba baƙuwa ba ce, kowane liman na yi. Amma tasa kusan kullum ce, har matasan lungu suka fara kiransa Liman Ƙabli-da-Ba'adi a bayan idonsa. Ranar da sunan ya zo kunnena ban iya cin tuwo ba.

Na tambaye shi, ya ce, "Hajara, wallahi da niyya mai kyau nake tayar da kabbara. Ina cikin Fatiha sai in ji kukan akuya. Sai in tuna akuyar gidan Alhaji maƙwabcinmu ce, sai in tuna ɗansa na jiran takarda a ofishina, sai in tuna ban san inda na sa ta ba. Kafin in dawo, ban san a raka'ar da nake ba." Sannan ya ce, "Ba sunan da suka sa mini ne ke damuna ba. Sallar mutane ce a wuyana." Ban taɓa ganin tsoro a idonsa irin na ranar ba.

Daga nan aka shiga neman magani, kowa da nasa. Gwaggonninsa suka ce sammu ne, wani ke son limancin. Aka kawo rubutu, aka kawo turare, har sai da labulen ɗakina ya canja kala. Mai kemis ya ce ƙarancin jini ne, muka sayi kwalabe. Baffa Sule ya ce waswasi ne, maganinsa kaɗaici, a ba shi ɗaki shi kaɗai ya yi mako ba baƙo ba rediyo, daga shi sai carbi. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma a duk abin da muka yi masa babu wanda ya fi wannan cutar da shi. Muka kulle mutumin da shiru ke kashewa a cikin shiru. Da ya fito ya rame, idanu sun faɗa, na shiga share ɗakin na tarar ya warware bakin tabarma kaf, ya tsinke kabar ɗaya bayan ɗaya, bai ma san ya yi ba.

Mako na gaba muka nufi asibiti. A lokacin samun mota kaɗai aiki ne, ka tsaya a bakin titi har rana ta dake ka. Ka isa ka bi layin kati, ka bi layin ganin likita, ka bi layin gwajin jini. Aka duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka duba taifot, babu. Aka ce gajiya ce, aka ba shi ƙwayar barci. Ƙwayar ta yi aikinta fiye da yadda aka sa ta, ranar nan har aka idar da Asuba liman na kwance, na'ibi ne ya ja sallar. Abin da muka kashe ban tsaya lissafi ba, na dai san tunkiyata da 'ya'yanta sun tafi ba su dawo ba.

Bayan wannan ne Baffa Sule ya shigo da saƙon dattawan lungu. Ya daɗe yana gyara zama kafin ya ce, "Sun yi haƙuri, kai ma shaida ne. Sun ce in azumi ya kama abin bai gyaru ba, na'ibi zai karɓa gaba ɗaya." Ya ƙara da cewa, "A hannuna za a ce limancin gidanmu ya fita. Me zan ce wa Yaya in na same shi?" Ina bayan labule ina jin haushinsa ina kuma jin tausayinsa. Lokacin muna cikin Rajab.

Da muka koma asibiti, wani likita matashi ya saurare mu ya ce wannan ba nasa ba ne, ya tura mu ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa. Malam ya cire rawani ya sa hula, don kada wani ya gane shi a layin. Ni kuwa na ja mayafi har hanci. Muka zauna tun safe muna kallon ƙasa.

Likitar da muka samu mace ce, Dakta Rifkatu, 'yar Wusasa, Hausarta ta fi tawa. Ba ta daɗe da dawowa daga ƙarin karatu a waje ba. Ba ta taɓa shi da abin awo ba, tambaya kawai take yi, tana saurare kamar ba kowa a layi. Can ta ce, "Malam, me kake yi wa hannun rigarka?" Muka duba. Ashe tun shigowarmu ya zaro zare yana naɗewa a yatsa yana warwarewa.

Ta ce, "Yaushe rabon da ka ji hankalinka ya zauna wuri ɗaya?"

Ya yi tunani ya ce, "Tun ina ɗinki."

"Me ya sa ka bari?"

Muka kalli juna. Ta ce mu dawo mako mai zuwa da wanda ya san shi tun yana yaro.

Inna, mahaifiyarsa, tun da ta fita takaba ba ta taka wajen ganuwa ba. Amma ta ɗauki mayafi ta biyo mu ba musu. Likita ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, yaya Malam yake yana ƙarami?"

Inna ta ce, "Wannan? Ɗan nan bai taɓa zama ba. A makarantar allo ya fi kowa saurin hadda, ya fi kowa shan bulala. A aike shi ɗebo ruwa a same shi yana kallon masu rini. Har sai da mahaifinsa ya hana a dake shi, ya kira shi ya sa masa allura da zare a hannu, ya ce zauna nan kusa da ni. Daga ranar karatu ya zauna."

Likita ta jinjina kai ta ce mahaifinsa ya yi abin da su sai da suka ƙetare teku suka koyo. Ta faɗi wani dogon suna da Turanci, ta ce a taƙaice ADHD ake ce masa. Ta ce an fi saninsa ga yara, har da yawa cikin likitoci na ɗauka yana wucewa in an girma, alhali wasu da shi suke tsufa. Maganarta da ta zauna mini ita ce, "Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hankalinsa lafiya lau yake, zama ne ba ya yi inda aka ajiye shi sai an ba shi abin riƙewa. A da yana da aji yana da allura. Kun karɓe duka biyun a shekara ɗaya." Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na dubi Malam, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Sai ta ƙara da cewa, "Abin yakan bi jini. Inna, akwai wani mai irin wannan a gidan?"

Fuskar Inna ta canja. Ta ce, "Mahaifinsa ya yi shekara arba'in yana limanci, ba a taɓa ce masa Subhanallah ba. Ki tambayi duk birni."

Likita ta ce, "Allah Ya ji ƙansa," ba ta ƙara ba.

Maganin da aka fi ba masu wannan larura a waje, in ji likita, samunsa a nan sai an sha wuya, don haka ta ba shi wata ƙwaya da ke ɗan taimakawa. Tana busar masa da baki, kullum da buta a gefensa, ga tsada. Ta ce ya riƙa yanka aiki ƙanana-ƙanana, ya gama ɗaya kafin ya taɓa wani, in ya gaji ya tashi ya taka. Ta rubuta wa ofishinsu, Allah Ya sa shugabansa mai fahimta ne, aka mai da shi zagayen duba makarantu a kan Vespa. Ni kuma na je kasuwa da kaina na sayo zare da allura na ajiye masa a zaure. Baffa Sule ya gani ya kau da kai.

Cikin 'yan makonni mutum ya dawo. Yana ci, yana barci, yana tsokanata. Aikin ofis ya daidaita har ana yabo. Amma ba a shiga salla da allura. Rafkanwar ta ragu, ba ta tafi ba, a mako sai an ji Subhanallah sau biyu ko uku ta bangon nan. Sha'aban ya raba, mata sun fara surfen gero na kunun azumi, ni kuwa kowace Azahar gabana faɗuwa yake.

Wata ranar Laraba da hantsi Inna ta aiko in zo, in zo da Malam. Muka same ta zaune a bakin gado da ƙullin tsumma a hannu. Ta ce in saki labule. Ta kwance ƙullin, sai ga zoben azurfa na Baba Liman. Na san zoben. Kowa ya san shi, domin ya yi masa yawa, yana yawo a yatsa, har ana ce masa ya kai maƙera a matse yana cewa sai wani lokaci.

Inna ta ce, "Da aka zo rabon gado na ce a sa mini wannan cikin tumunina. Kun ɗauka don ƙauna ne. Har da ƙauna. Amma ɓoye shi na yi." Ta dubi ɗanta. "Na yi wa likitar nan rabin gaskiya. Ba a taɓa ce wa mahaifinka Subhanallah ba, haka ne. Amma shekarar da aka ba shi limanci, a ɗakin nan yake zama yana kuka irin naka. Ya ce mini yana tayar da kabbara hankalinsa ke tashi kamar tsuntsu. Sai ya je aka ƙera masa wannan, ya ce a yi shi da faɗi. In ya tayar da salla yana ɗan ƙaramin yatsa. Ya tashi raka'a ta biyu, ya sa babban yatsansa ya tura shi zuwa yatsa na gaba. Haka har huɗu. Hannunsa a sake cikin hannun riga, wa zai gani? Ni kaɗai ya gaya wa, sau ɗaya, bai sake ba."

Inna ta ci gaba, "Na yi ta addu'a a ce sammu ne ke damunka, don sunan mahaifinka ya zauna yadda mutane suka san shi. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni na fi kowa sanin inda ka gado. Shi ya riga ya gama nasa. Kai ne a gaban sahu."

Malam ya karɓi zoben da hannu biyu. Ya daɗe yana juya shi, sai ya ce a hankali, "Inna, ai na karanta wannan mas'alar. Malamai sun ce babu laifi mai tsoron rafkanwa ya riƙa juya zobensa a yatsu don ya riƙe raka'o'insa. A gaban Baba na karanta ta, ina ɗinki. Da muka zo wurin ya ce in ɗago kaina. Ya maimaita mini ita, ya sake maimaitawa, yana kallona. Na yi ta mamakin me ya gani a 'yar ƙaramar mas'ala haka."

Shekara arba'in, sau biyar a yini, bawan Allah nan yana kokawa da hankalinsa a gaban jama'a, yana kayar da shi da ɗan guntun azurfa, ba wanda ya sani. Muna yabonsa da natsuwa kamar kyauta aka ba shi, ashe kowace raka'a sai da ya yi mata gumi. Kuma ya dubi yaro ɗan shekara bakwai ya gane nasa, ya ba shi allura, ya ajiye masa mas'ala a ka don ranar da ba ya nan. Na girma cikin malamai, na ji labaran karamomi iri-iri, amma babu wanda ya girgiza ni kamar wannan.

Da aka kira La'asar na sauke tukunya na jingina da bango. Kabbarar farko. Na ji an yi ruku'u, an yi sujada, an tashi. Ta biyu, sai shiru na zaman tahiya, daidai inda ya saba miƙewa. Ya zauna. Akuyar gidan Alhaji ta yi kuka, na ce a raina ke dai Allah Ya shirye ki. Ta uku ta wuce. A ta huɗu na riƙe numfashi ina jiran a haɗa baki, sai na ji muryarsa, a natse, "Assalamu alaikum." Na zame na zauna a ƙasan madafa ina kuka, miya na ƙonewa ban kula ba.

Haka aka yi washegari, haka aka yi har aka ga wata. Dattawa ba su sake tayar da maganar ba. Ranar azumin farko Baffa Sule ya shigo shan ruwa, ya dubi Inna ya ce, "Kwanan nan in na bi yaron nan salla, sai in ji kamar bayan Yaya nake." Inna ta ce, "Allah Sarki," ta tura masa kwanon ƙosai.

Kada mai karatu ya ɗauka warkewa ya yi. Likita ta gaya mana tun farko ba a warkewa, zama da shi ake koya, kuma mun ci gaba da zuwa wurinta muna bin layin nan mai cin rai. Har gobe in na ba shi sautun tumatir sai na haɗa da addu'a. Abin da nake roƙo shi ne, in kuna da mai irin wannan, kada ku fara da zargin maƙiya, kada ku kulle shi a ɗaki, ku kai shi a duba. Kafin kuma ku karɓe wani abu daga hannunsa don girma, ku tambaya ko shi ke riƙe da shi. Allah Ya saka wa Dakta Rifkatu, Ya ji ƙan Baba Liman, Ya ƙara wa Inna lafiya.

Kwanaki wani maƙerin azurfa ya bi shi salla. Da aka fito suka gaisa, ya riƙe hannunsa ya ce, "Liman, zoben nan ya yi maka yawa, kawo in matse maka, ba sai ka biya ba."

Malam ya janye hannunsa cikin riga ya ce, "Bar shi, daidai yake. Haka na gaje shi."